Gurgun Maƙeri da Ƙyauren da Na Kai Jami'a

Gidanmu na Gafasa gidan maƙera ne. Kafin ka kai tsakar gida sai ka bi ta rumfar ƙira, ka tsallake tarin tsofaffin ƙarafuna, ka sha hayaƙin gawayi, sannan ka yi sallama. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara huɗu. Ƙanensa, Baffa Idi, shi ya riƙe mu ni da yayata Zulai, shi ne kuma yake riƙe da maƙerar. Kakarmu da ta haife su muna kiranta Iya.

Iya ba irin tsofaffin nan ba ce masu lallashi da sa albarka a kowace jimla. Faɗa ne da ita. Idan manomi ya zo rumfa yana kushe fartanya don a rage masa, daga cikin gida za ka ji muryarta ta tsallako katanga: "A ce masa ya ajiye, ya je ya yi noman da farcensa!" Baffa sai ya sunkuyar da kai yana ba mutumin haƙuri. Mu kuwa yara, duk da faɗan, ɗakinta muka fi so, domin wurinta ake samun tatsuniya.

Lokacin sanyi ne aka fi yi. Idan Baffa ya tashi daga aiki ya tafi sallar magariba, sai a kwashe garwashin da ya rage a maƙera a zuba a kasko, a kai ƙofar ɗakin Iya. Muna gama cin tuwo za mu taru, mu da 'ya'yan Baffa da na maƙwabta, kowa ya ƙudundune cikin zanen uwarsa. Ita tana kan kujera 'yar tsugunno, tana tura dankali cikin toka. Tsakanin magariba da isha'i ne lokacinta. Da ladan ya kira, ko a tsakiyar labari take, za ta ce kowa ya tashi. Ni tana kirana Maigida, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu maza. "Matso kusa, Maigida," haka take cewa, "mijin da ba ya cefane sai cin dankali."

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran mata suke buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa gefen kaskon da ɗan itace, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu amsa, "Ta shigo mu ganta."

Tatsuniyoyinta da yawa na manta su. Akwai ɗaya da ban manta ba, saboda ita kaɗai ce ta sa na yi kuka don haushi.

Wai a wani gari an yi wani maƙeri gurgu. Tun da aka haife shi bai taɓa fita daga gidansu ba, sai dai ya ja jiki daga ɗaki zuwa maƙera. Amma abin da hannunsa ya ƙera, ba ya karyewa. Yana da maƙwabci ana ce masa Dogo, mai dogayen ƙafafu da zaƙin baki. Dogo ne yake ɗaukar masa fartanyoyi da laujuna ya kai kasuwa. Ranar farko da aka tambaye shi wa ya ƙera, sai ya yi murmushi bai ce komai ba. Rana ta biyu ya ce, "Mu ne." Rana ta uku ya ce, "Ni ne."

Sai wata kura ta addabi garin. Ta cinye awaki, ta koma kan 'yan maruƙa. Fatarta kamar dutse, duk mashin da aka jefe ta da shi sai ya lanƙwashe. Mai gari ya kira Dogo ya ce, tunda kai ne gwanin ƙira, ka yi mana mashin da zai huda ta. Dogo ya ce an gama. Ya zagaya bayan katanga ya faɗa wa gurgu. Gurgu ya yi kwana bakwai a bakin wuta. A nan Iya take rera waƙar masaba, wato gudumar maƙeri, muna amsawa:

"Tin, tin, ni na yi.
Tin, tin, wani ya kai."

Duk garin ana jin masabar tana faɗar haka, amma babu wanda ya san yarenta. Aka kai mashi, aka kashe kura. Mai gari ya ce sai an naɗa Dogo Sarkin Maƙera. Ranar naɗi makaɗa suka bi ta bayan gidan gurgu suna kiɗa. Dogo ya leƙo ta kan katanga da sabon rawaninsa ya ce, "Yi sauri mana, gatarin sarautata nake jira." Gurgu ya ƙarasa gatarin, ya goge shi, ya miƙa masa.

A nan Iya ta tsaya, ta tono dankali tana hura masa toka.

Zulai ta ce, "Sai me ya faru, Iya?"

"Ba abin da ya faru."

"Asirin Dogo bai tonu ba?"

"Wa zai tona? Dogo ya yi sarauta har ya tsufa. 'Ya'yansa suka gada."

Na miƙe tsaye, zane ya faɗi. Na ce, "Ƙarya ne! Ba haka tatsuniya take ƙarewa ba. Ki sa gatarin ya sare shi!"

Ta dube ni ta hasken wuta, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka ji haushi, Maigida?"

Na ce na ji.

Ta ce, "To ka riƙe shi. Ni ba zan sauke maka ba. Baƙuwa ta tafi, ku rufe ƙofa."

Ranar ban ci dankalina ba. Bayan haka mun sha roƙonta ta gyara ƙarshen. Ta ba mu labarin ya fi a ƙirga, ko sau ɗaya ba ta gyara ba. Ina aji biyu a sakandare a Gaya aka aiko cewa ta rasu.

Na taso kamar kowane ɗan maƙera. Kafin na iya karatu na iya zuga, kafin na gama firamare ina iya fitar da ruwan lauje. Amma Baffa ya dage sai na yi boko, kuma kaina yana ja. Kowa a gida ya sa rai zan zama lauya ko ma'aikacin asibiti. Da na ce na samu gurbi a jami'a a sashen zane da ƙere-ƙere, fannin ƙarfe, sai aka ɗauka wasa nake. Abokaina na Gaya sun yi mako suna dariya. Wani ya ce, "Shekara huɗu za ka yi kana koyon abin da yake ƙofar gidanku? Ka ba ni kuɗin motar, ni zan raka ka rumfar Baffanka." Mahaifiyata ta yi kuka. Baffa kuwa sai da na zo yi masa sallama ya faɗi tasa. Yana riƙe da awartaki, bai ɗago ba, ya ce, "Ka je ka gano abin da suka sani da ba mu sani ba. Ka dawo ka faɗa mini."

Gaskiya sun san abubuwa. A can na fahimci dalilin da ya sa sifirin mota yake yin kaifi, ƙarfen rodi kuma ba ya yi. Na koyi zana abu a takarda kafin a taɓa wuta, na koyi narka tagulla a zuba a mazubi, na koyi walda iri-iri. Idan na zo hutu ina yi wa Baffa bayani, yana saurare kamar ɗalibi, wani lokaci ya ce, "Ashe shi ya sa." Waɗannan shekarun na ji daɗinsu, ba zan ɓoye ba.

Amma tun a shekarar farko aka fara ɓata mini rai. Malamin da yake koyar da mu ƙira, wanda zan kira Dakta kawai, ya haska mana hoton wani maƙerin ƙauye a bango, tsugune a ƙasa, ba riga, yana zuga da fatar akuya. Ya ce ga inda aka tsaya tun zamanin kakanni, mutanen nan kwaikwayo kawai suke yi, ba su san dalilin komai ba, aikinmu shi ne mu fitar da sana'ar daga wannan duhu. Aji ya fashe da dariya saboda yadda mutumin ya turo baki yana hura wuta. Ni kuwa na ga tsugunnin Baffa sak. Amma ban faɗa wa kowa ɗan maƙera ne ni ba sai a shekara ta uku, da Dakta ya ga yadda nake riƙe masaba ya tambaye ni.

A shekarar ƙarshe kowa zai yi babban aikin da za a ba shi maki a kai. Na zana ƙyauren ƙarfe mai ganye biyu, jikinsa duk zangarniyar gero da karanta da ganyenta, kamar kana duban gona ta taga. Na so a yi shi ba walda ko ɗigo ɗaya, a haɗa komai da wuta, yadda na ga Baffa yana haɗa bakin gatari da jikinsa. Haɗin wuta yake kiransa. A gasa ƙarafa biyu har su yi fari suna tartsatsi, a barbaɗa musu wani gari, a ɗora ɗaya kan ɗaya a buga da sauri, sai su zama abu guda. Na gwada a ɗakin aikinmu na jami'a ya fi sau talatin, duk suna rabuwa. Dakta ya ce in daina ɓata gawayi, abin nan a littafi kawai yake yiwuwa da irin ƙarafunanmu.

Sai aka shiga yajin aiki, aka rufe makaranta. Na ɗauki zanena na tafi gida.

Lokacin ana dab da faɗuwar damina. Duk wanda ya san maƙera ya san abin da wannan yake nufi: manoma daga Balan har ƙauyukan da ke bayanmu suna layi da garmunan shanu da fartanyoyi, abin da maƙeri zai ci a shekara a waɗannan makonni yake samun yawancinsa. Baffa ya baza zanen a cinyarsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan geron maiwa ce ko zango?" Na ce ban yi tunani ba. Ya ce, "To yi tunani. Manomi zai gani." Daga nan ya raba ranarsa biyu: safe na manoma, bayan azahar nawa. Wasu suka gaji da jira suka kai aikinsu Gaya. Bai taɓa yi mini maganar ba.

Garin da yake barbaɗawa farin yashi ne na rafi, a wanke a tankaɗe, a haɗa da dakakkiyar kwalba. Da ya taɓa ƙarfe mai zafi sai ya narke ya lulluɓe shi, iska ba ta samun shiga. Ga kuma sanin lokaci, wanda ba a rubuta shi. Baffa yana duban launin wutar, ya ce, "Yanzu!" Idan ka tsaya tambaya, ya wuce. Haɗi ɗari da wani abu ne a jikin ƙyauren nan. Nawa ba su fi ashirin ba.

Ni na kira Dakta a waya, saboda murna. Ni na tura masa hoto. Bayan kwana uku ya zo da motarsa har ƙofar rumfa. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Baffa, yana "Baba" yana ƙarawa. Aka dama masa fura, aka yanka masa zakara. Ya yi wuni biyu yana ɗaukar bidiyo da wayarsa, yana tambaya: yashin wane rafi, kwalba wace iri, kashi nawa da nawa. Baffa bai ɓoye masa komai ba. Da zai tafi har ƙulla masa garin ya yi a leda. Bayan motar ta tashi ya ce da ni, "Malamin nan naka mutumin kirki ne. Yana da tambaya."

Aka koma makaranta. Aka shirya baje kolin ayyukan 'yan shekarar ƙarshe a babban zauren sashenmu. Ƙyaurena aka sa a tsakiya, an yi masa fitila ta musamman. Da safe na shiga kafin baƙi su zo, na ga an manna allo a gefensa. Na karanta sau uku. An rubuta da Turanci cewa wannan sabuwar hanyar haɗa ƙarfe ce da Dakta ya gano bayan dogon bincike, ɗalibinsa Nafi'u ya aiwatar a ƙarƙashin kulawarsa, tare da taimakon leburorin ƙauye.

Leburorin ƙauye.

Na same shi a ofis yana gyara hula a madubi. Na ce, "Ranka ya daɗe, an yi kuskure a allon can. Babu sunan Baffana."

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Zauna, Nafi'u." Ban zauna ba. Ya ce, "Baffanka yana da hannu, ban musa ba. Amma ya san me yake faruwa a cikin ƙarfen? Zai iya rubutawa? Ilimi shi ne abin da aka rubuta aka auna. Ni na auna, ni na rubuta. Takardar binciken ma ta kusa fitowa a mujalla, kuma na sa sunanka na biyu. Ka san ɗalibai nawa suke samun wannan?"

Na ce, "Cewa ka yi ba zai yiwu ba. A gaban aji ka faɗa."

Ya ajiye hular. Ya ce, "Makinka yana hannuna. Ka je ka tsaya kusa da aikinka ka yi wa baƙi murmushi."

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne na je na tsaya. Wuni guda ina tsaye ana ɗaukar mu hoto, Dakta yana bayani da hannu, yana nuna haɗin da Baffa ya yi da gumi yana zuba a idonsa. Wani baƙo ya tambaye ni ko na sha wahala da mutanen ƙauyen, na ce a'a. Da yamma na koma ɗaki, na kasa cin abinci. Tatsuniyar Iya ce take ta yawo a kaina, kuma na ga ba Dakta kaɗai ne Dogo ba. Ni na ɗauko kayan daga bayan katanga na kawo kasuwa, aka tambaya, na yi murmushi.

Washegari na rubuta ƙara zuwa ga shugabar sashe. Na haɗa da bidiyon da Dakta da kansa ya turo mini tun muna shiri, inda ake jin muryarsa yana cewa, "Baba, sake yi a hankali, ban gane ba."

Abokaina sun ce na haukace. Sati biyu ya rage mu gama. Sakamako ya fito, kowa ya ga nasa, gurbina babu komai. Aka ce ana bincike. Binciken nan ya ci shekara guda. 'Yan ajinmu suka tafi bautar ƙasa, ni ina zirga-zirga tsakanin Gafasa da jami'a, yau a ce kwamiti bai zauna ba, gobe a ce shugaban kwamiti ya yi tafiya. Wani malami ya ja ni gefe ya ce in janye in ba da haƙuri, a ba ni makina a wuce wurin. A gida kuma mahaifiyata ta daina yi mini maganar makaranta gaba ɗaya, wanda ya fi faɗa ciwo. A Gaya idan na sauka daga mota masu babur suna tambayata ko digirin ƙirar bai nuna ba ne. Baffa ban faɗa masa gaskiya ba. Na ce matsalar takardu ce. Kunya nake ji ya san abin da aka kira shi.

A ƙarshe kwamiti ya zauna. Ba a hukunta Dakta ba, yana nan a kujerarsa. An dai ce a janye takardar a gyara, a sauya allon, a ba wani malami aikina ya duba. Aka ba ni maki mai rauni, na karɓa. Sashen ya riƙe ƙyauren, aka kafa shi a jikin bango a mashigar ginin da sabon allo.

Sai a lokacin na faɗa wa Baffa komai, na ce ina so ya je ya gani da idonsa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, muka hau babur zuwa Gaya, muka shiga mota. Bai taɓa shiga jami'a ba. Yana tafe yana gaida duk wanda muka gamu da shi, har ɗalibai. Da muka isa gaban ƙyauren sai ya manta da kowa. Ya bi shi da tafin hannu daga sama har ƙasa. Ya tsaya a wani haɗi ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Wannan kai ka yi. Ka yi gaggawa." Sannan ya leƙa bayansa ya ga bango. Ya ce, "Ƙyaure ba ɗaki? Ikon Allah."

Na ce, "Baffa, ga abin da na kawo ka ka gani." Na karanta masa allon, ina fassarawa a hankali. Malam Idi Maƙeri na Gafasa, wanda ya mallaki wannan hanya ta haɗin wuta, shi ya koyar, shi ya ƙera mafi yawan aikin.

Na jira ya yi murna. Sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Sake karanta wurin mallaka ɗin nan." Na sake. Ya juya ya fita. Na same shi a kan wani benci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Shekara guda ka yi kana faɗa a kan wannan?"

Na ce e.

Ya ce, "Da ka tambaye ni. Ba nawa ba ne. Na Iya ne."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya ba ni labarin yana kallon ƙasa. Iya 'yar maƙeri ce a Balan, ubanta bai haifi namiji ba, ita take yi masa zuga tun tana ƙarama, idonta yana kan komai. Bayan an kawo ta gidanmu, mahaifina yana da shekara goma sha biyu, Baffa yana da tara, ɓarin jikin kakanmu ya shanye. Babu mai riƙe masaba a gidan. Sai ta sa aka ciccibi uwar maƙera, wato ƙarfen da ake bugu a kai, aka shigar da ita bayan ɗakinta, aka kewaye da zana. Shekara bakwai ita take ƙira. Kakanmu yana zaune a rumfa da kayan a gabansa, ana cewa yaransa ne suke bugu yana nuna musu, ana yaba masa. Yashi kaɗai ubanta yake amfani da shi. Dakakkiyar kwalbar ita ta gano, bayan ta ɓata gatura da yawa. Ita ta koya wa mahaifina, ita ta koya wa Baffa, da duka da zagi. Da suka iya, aka mayar da uwar maƙera rumfa, ba ta sake taɓa masaba ba.

Na ce, "Kuma babu wanda ya faɗa? Har ta mutu?"

Ya ce, "Nafi'u, wa zai sayi fartanyar da mace ta ƙera? Da an sani da mun kwana da yunwa."

"Bayan kun girma fa? Bayan kakanmu ya rasu?"

Ya daɗe yana juya hular. Sannan ya ce, "An riga an saba."

Ban taɓa ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na tuna na ce masa har Dakta ya fi mu, shi baƙo ne, wuni biyu ya yi a gidan. Mu kuwa daga cikinta muka fito, tuwonta muka ci. Ɗalibai suna wucewa suna kallonmu. Ya bar ni na gama. Da na gaji na zauna, sai ya ce a hankali, "Don Allah kar ka faɗa a gari. Mutuncin mahaifinmu ne."

Muka dawo gida.

Na koma sashen na nemi a ƙara gyara allon. Sakataren ya dube ni kamar zai kira masu gadi. Ya ce an rufe wannan fayil, kuma ina shaidata, akwai bidiyo? Babu bidiyo. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi.

Yanzu ina da wurin aikina a Gaya, ina ƙera ƙyamare da fitilu da kujeru, ina kuma koyarwa a wata makarantar sana'a. Na yi shekaru ina zaton na gane abin da tsohuwar nan take nufi: ka tsaya wa wanda aka danne, kar ka bar mai baki ya cinye mai hannu. Na yi hakan, ya ci mini shekara, har ina jin kaina gwarzo. Ashe ban ma san wanda aka danne ba. Mace ce zaune a gabanmu kullum, tana faɗa wa jikokinta abin da aka yi mata ta hanya ɗaya da aka bar mata, mu kuma muna roƙonta ta gyara ƙarshen don mu ji daɗi. Ta yaya za ta gyara? Babu wanda ya gyara mata nata.

Haushin bai tafi ba. Ina jin sa a kan Dakta, ina jin sa a kan kakan da ban sani ba, da Baffa da nake ƙauna, da ni kaina da ban taɓa tambayar wa ya koya wa Baffa ba. Na riƙe roƙon Baffa muddin yana raye. Ya rasu bara bayan girbi, Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Yanzu kuwa ba zan ƙara riƙewa ba, duk wanda zai ji haushina a Gafasa ya ji.

Wadda ta gano haɗin yashi da kwalba, wadda ta ciyar da gidanmu shekara bakwai da masaba a bayan zana, maƙeriya ce. Sunanta Hauwa'u.